Yadda ake adana tikitin jirgin ƙasa don karɓar kuɗin tafiyar aiki

Ma'aikacin da ofis ya tura Abuja daga Kaduna, ya hau jirgi a Rigasa ya sauka a Kubwa ko Idu, yakan ɗauka amfanin tikitinsa ya ƙare da zarar an duba shi a ƙofar shiga. A wurin akanta kuwa a lokacin amfaninsa yake farawa. Wannan 'yar takarda ita ce za ta dawo maka da kuɗin da ka kashe daga aljihunka, ko ta wanke ka daga adibas ɗin da aka ba ka kafin tafiya. Yawancin masu asarar kuɗin tafiya ba ƙarya suka yi ba. Sun yi tafiyar, sun biya, amma shaidar ta lalace a hannunsu tun kafin su koma ofis.

Abin da akanta yake nema

Akanta ko mai binciken kuɗi bai raka ka tasha ba. Takarda kawai yake gani, kuma tambaya huɗu yake yi mata: wa ya yi tafiyar, wace rana, daga ina zuwa ina, nawa aka biya. Idan takardunka suka amsa huɗun nan ba tare da ka buɗe baki ba, baucarka, wato takardar neman a biya ka, za ta wuce. Idan ɗaya ta rage, fayil zai dawo teburinka.

Takarda ɗaya ba ta cika amsa su duka ba, shi ya sa ake haɗa uku. Akwai takardar amincewa da tafiyar, wadda shugabanka ya sa wa hannu kafin ka tashi. Akwai shaidar biya, wato rasidin POS, alat ɗin banki ko saƙon imel. Sai tikitin kansa. Mutane suna yawan rikita biyun ƙarshe. Alat yana nuna kuɗi sun fita daga asusunka ne kawai, bai nuna tashar da ka hau ko ranar da ka yi tafiya ba. Tikiti kuma yana nuna an ba ka kujera, amma wani lokaci kuɗin da aka rubuta a kansa bai haɗa da cajin biya ta kati ba. Kowanne yana toshe kafar da ɗayan ya bari.

Kafin ka sayi tikiti

Fara da zuwa sashen kuɗi na ofishinku ka yi tambaya uku. Wane aji matakin aikinka ya ba ka damar hawa, ikonomi ko bizines? Kwana nawa ake bayarwa bayan dawowa kafin a rufe karɓar takardu? Ana karɓar tikitin intanet da aka buga a takarda, ko akwai wani abin da ake so a haɗa masa? Ƙa'idar ma'aikatar gwamnati daban take da ta kamfani, ta ƙungiyar agaji kuma takan yi tsauri sosai domin masu ba ta tallafi suna bin kowane kwabo. Wanda ya hau bizines alhali ikonomi aka amince masa, kuɗin ikonomi za a biya shi, shi ya cike ragowar. Ka kuma tambaya ko alawus ɗin tafiya da ake ba ku ya riga ya haɗa da kuɗin sufuri. A wasu wurare alawus ɗin na masauki da abinci ne kawai, sufuri a lissafa shi daban. A wasu kuwa dunƙule yake, neman kuɗin tikiti a kansa kamar karɓa sau biyu ne.

Sannan ka sayi tikitin da sunanka, yadda sunan yake a takardar albashinka. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an buɗe shi a watan Yulin 2016, kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta fara sayar da tikitinsa ta intanet a watan Janairun 2021. Bayan harin 28 ga Maris 2022, da jirgin ya dawo aiki ranar 5 ga Disamba na shekarar, an shardanta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN wajen sayen tikiti. An yi haka ne don tsaro, amma ya zama alheri ga mai neman kuɗin tafiya, domin tikitin yana ɗaure da mutum guda. Layin Legas zuwa Ibadan da na Warri zuwa Itakpe su ma sun koma tikitin intanet a 2023.

A nan ne tikitin 'yan bumburutu yake cutar da mutum sau biyu. Ka biya fiye da farashi, kuma abin da ke rubuce a takardar shi kaɗai ofis zai gani, ƙarin da ka ba su ya tafi ke nan. Idan kuma sunan wani ne a kai, ko farashin na ainihi ba za ka samu ba, don babu akantan da zai biya Malam wane da tikitin Hajiya wance. Idan ka san ranar tafiyarka, ka sayi kujera da wuri ta hanyar hukuma.

Yakan faru wani ya saya maka, ɗan'uwa ko abokin aiki, saboda katinka ya ƙi aiki. Babu laifi, muddin sunanka aka sa a matsayin fasinja. Ka tura masa kuɗin ta banki maimakon hannu da hannu, ka rubuta a wurin bayani cewa kuɗin tikitin rana kaza ne, ka ajiye alat ɗin. Idan mutum ɗaya ya saya wa tawaga guda, ku daidaita tun a tasha wanda zai nemi kuɗin. Ko shi ya nemi duka ya haɗa tikitin kowa da jerin sunaye, ko kowa ya biya shi ya nemi nasa. Tikiti ɗaya ya bayyana a bauca biyu shi ne abin da mai bincike ya fi saurin kamawa.

Tikitin da ke cikin waya

Kada ka dogara da manhajar da ka sayi tikitin a matsayin ma'ajiya. Waya tana ɓata, ana mance lambar sirri, sabis yana yankewa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Da zarar an tabbatar maka da kujera, tun kana zaune a wurin, ka yi abu uku. Ka ɗauki hoton fuskar wayar yadda suna, rana, lokaci, tashar hawa, tashar sauka, lambar tarago da kujera, kuɗi da lambar QR duk za su fito. Idan ba su shiga hoto ɗaya ba, ka ɗauki biyu, kada ka yanke gefe. Ka sauke tikitin a matsayin PDF idan akwai damar hakan, don ya fi hoto kyau wajen bugawa. Sannan ka tura su zuwa imel ɗinka na ofis, domin su zauna a wani wuri da ba wayar ba.

Ka sauya wa kowane fayil suna. Hoton da ya zauna da sunan da waya ta ba shi zai nutse cikin hotunan biki da na yara. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne shekara, wata, rana, sai hanya: 2025-03-11 Rigasa-Idu, na dawowa kuma 2025-03-13 Idu-Rigasa. Idan ka fara da shekara, kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi.

Idan ta WhatsApp za ka tura wa wani ya buga maka, ka tura a matsayin fayil ba hoto ba, domin manhajar tana matse hoto har ƙananan lambobi su dushe.

Tikitin takarda da rasidin POS

Nan ne aka fi yin asara, don haka sai a natsu. Rasidin POS, da yawancin ƙananan tikitin da inji ke fitarwa nan take, ba da tawada ake buga su ba. Takarda ce da aka shafa wa sinadari a fuska ɗaya, injin yana ɗumama wuraren da yake so su yi baƙi, rubutu ya fito. Kana iya gane ta cikin daƙiƙa: ka karce gefenta da farce da sauri, idan baƙin layi ya fito, ita ce. Sinadarin da ya fitar da rubutun yana nan a jikin takardar, bai daina aiki ba. Zafi mai yawa yana mayar da ita baƙa gaba ɗaya. Hasken rana, gumi, maiƙo da daɗewa kuma suna cinye rubutun har ta koma fara fat.

Saboda haka wuraren da aka saba ajiye tikiti su ne mafi muni. Aljihun gaban riga yana haɗa gumi da zafin jiki. Bayan murfin waya yana ɗumama duk lokacin caji. Gaban mota a rana, musamman a watannin Maris da Afrilu, yana iya gama da takardar cikin wuni ɗaya. Walat tana goge ta da kuɗi da katuna. Turare, man shafawa da man tsabtace hannu mai sinadarin barasa kuwa ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata wurin da kuɗin yake.

Ga abin yi. Ka tanadi ambulan ta takarda, ba ta leda ba, ka rubuta ranar tafiya da inda za ka a bayanta, ka sa ta cikin littafi ko aljihun jaka na ciki. Duk takardar da aka miƙo maka a hanya nan za ta shiga, a miƙe. Idan dole sai an naɗe, ka naɗe fuskar rubutun ta ciki, kuma kada layin naɗin ya ratsa ta kan kuɗi ko rana. Kafin ka sa ta a ambulan, ka shimfiɗa ta a kan abu mai duhu ka ɗauki hotonta daga sama, ba tare da filasha ba, kusurwoyi huɗu duk a ciki. Ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi, ka tabbatar kana iya karanta lambar tikitin. Minti ɗaya ne, a ɗakin jira za ka yi shi.

A bayan tikitin, ba a fuskarsa ba, kana iya rubuta sunan aikin da ya kai ka da fensir a hankali. Kada ka ja alkalamin haskaka rubutu a kan kuɗin don akanta ya gani da sauri. Ruwan alkalamin yana narkar da rubutun, bayan 'yan kwanaki wurin da ka haskaka shi ne zai zama babu komai.

Abu biyu da masu son gyara suke yi su ɓata: salatif da laminatin. Salatif idan aka manna a kan rubutun, gam ɗinsa yana cinye shi a hankali, sai ka ga takardar lafiya lau sai daidai ƙarƙashin salatif ɗin ne fari. Haka ledar fayil mai taushi take yi idan takardar ta daɗe manne da ita. Injin laminatin kuwa da zafi yake aiki, tikitin zai shiga fari ya fito baƙi ƙirin, kuma babu mai dawo da shi.

Lokacin sauka

Kada ka yar da tikitin a tarago ko a kwandon ƙofar fita. Idan ma'aikacin tasha ya nemi karɓewa, ka gaya masa da ladabi cewa tafiyar aiki ce, ofis na buƙatarsa, ya yi masa alamar an yi amfani da shi ya maido maka. Huda ko tambarin da aka yi wa tikiti ba aibu ba ne, ƙarin shaida ce cewa an hau jirgin. Idan ƙa'idar tashar ba ta yarda ba, ka riga kana da hoton da ka ɗauka, sai ka nemi rasit a wurin sayar da tikiti.

Wanda aka tura kwas ko taro Ingila ya kula da wannan sosai. Ƙofofin fita masu inji a tashoshin can sukan haɗiye tikitin takarda idan tafiyar ta ƙare. Maimakon ka zura shi, ka nufi faffaɗar ƙofar da ma'aikaci yake tsaye, ka nuna masa, ka ce kana son riƙewa don lissafin ofis. Abu ne da suka saba ji. Ka kuma nemi rasit tun lokacin saye. A Landan, idan ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ta hanyar taɓa katin banki, babu takarda sam, sai dai ka yi wa katin rajista a shafin hukumar sufurin birnin ka sauke jerin tafiye-tafiyenka. Jirgin cikin gari na Legas da ya fara aiki a 2023 shi ma da katin Cowry ake shiga. A irin wannan, ka ajiye shaidar kuɗin da ka zuba a katin, ka rubuta kowace tafiya da kuɗinta a ranar da ka yi ta, ka nemi kuɗin tafiyar kawai, ba duk abin da ka zuba ba. Idan da kuɗin waje ka biya, ka haɗa bayanin bankinka da ya nuna nairar da aka cire a ranar, don kada a yi gardamar canji.

Haɗa takardun

Ka yi wannan a ranar farko da ka koma ofis, tun abin yana kanka. Fara da fotokwafin duk wata takardar inji, domin kwafin ne zai rayu shekaru, na ainihin kuwa zai dushe ko a cikin fayil. Ka duba kwafin, idan bai fito ba ka ƙara wa injin duhu ka sake.

Ɗauki farar takarda A4 ga kowane ɓangaren tafiya, ɗaya ta zuwa, ɗaya ta dawowa. Ka ɗora tikitin a sama, rasidin biyansa a ƙasa, ka danne kowanne da sitefla a kusurwar da babu rubutu. Kada su hau kan juna, don mai dubawa ya karanta ba sai ya ɗaga ba. Ka guji gam mai ruwa. A gefen kowace takarda, a kan A4 ɗin, ka sa lamba: 1, 2, 3. Fotokwafin ya biyo bayan kowane shafi. Tikitin intanet kuma ka buga shi cikakken shafi, da imel ɗin tabbatarwa a bayansa.

A saman duka sai fom ɗin ofis ko takardar taƙaitawa, kowane layi da rana, hanya, dalili, kuɗi da lambar shaidarsa. A jere takardun su kasance haka: fom, takardar amincewa, takardar gayyata ko shaidar halarta idan taro ne, sannan tikiti bisa tsarin kwanaki. Ranakun su dace da juna. Idan an amince maka da 11 zuwa 13 ga wata amma tikitin dawowarka na 15 ne, ka rubuta dalili a layi ɗaya shugabanka ya sa hannu, kafin a tambaye ka.

Idan adibas aka ba ka, abin da ma'aikata ke kira yin ritaya shi ne ka nuna inda kowace naira ta tafi. A ce an ba ka naira 60,000 na sufuri, takardunka suka nuna 47,500. Sai ka mayar da 12,500 ta hanyar da ofis ya tsara, ka karɓi rasit, ka haɗa shi a matsayin shaida ta ƙarshe, jimilla ta koma 60,000 cif. Idan ka kashe fiye da abin da aka ba ka, ka nuna bambancin a fili ka nemi ciko. Kada ka cike giɓi da ƙara wa kuɗin tasi ko Keke Napep daga tasha. Su waɗannan da ba su da rasit, ka rubuta su daban da gaskiyar abin da ka biya, yawancin ofisoshi suna da iyakar da suke karɓa ba tare da takarda ba.

Kafin ka miƙa, ka yi kwafin tarin gaba ɗaya ko ka ɗauke shi a hoto shafi-shafi. Wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinka, ko ya buga tambari. Fayil yana ɓata tsakanin tebur da tebur, kuma tikiti na ainihi guda ɗaya ne. A ofisoshi da dama, adibas ɗin da aka daɗe ba a yi ritayarsa ba daga albashi ake cire shi, kuma ba a ba da sabo sai an rufe tsohon.

Idan abu ya ɓaci

Tikiti ya ɓata: idan na intanet ne, ka koma imel ko tarihin sayayyarka ka sake bugawa. Idan na takarda ne, ka haɗa hoton da ka ɗauka da bayanin asusunka na banki da ya nuna cirar kuɗin, ka rubuta gajeriyar takardar bayani da rana, hanya da kuɗi, shugabanka ya sa hannu. Wanda ya biya da tsabar kuɗi kuma bai ɗauki hoto ba shi ne yake cikin wahala, shi ya sa biya da kati ya fi ga tafiyar aiki.

Rubutu ya dushe: kada ka bi kansa da biro. Ko da abin da ka rubuta daidai ne, takardar ta zama wadda aka taɓa, kuma mai bincike zai ɗauke ta da zargi. Ka ɗauki hotonta a wuri mai haske, ka ƙara wa hoton duhu a waya, sau da yawa rubutun yakan fito yadda za a karanta. Ka miƙa ta yadda take tare da hoton da shaidar banki. Dabarar ɗumama ta da dutsen guga da wasu ke yi, a bar ta, kuskuren daƙiƙa biyu ya isa ya ƙone shaidar.

An fasa tafiya bayan ka sayi tikiti: idan ofis ne ya fasa, ka ajiye saƙon da aka sanar da kai, ka nemi a maido maka da kuɗi daga inda ka saya idan sharuɗɗan tikitin sun yarda, sannan ka nemi ofis ya biya abin da ba a maido ba kawai. Idan jirgin ne bai tashi ba ko ya tsaya a hanya ka ƙarasa da mota, ka riƙe tikitin da ba a yi amfani da shi ba, ka karɓi rasidin tashar mota, ka haɗa sanarwar hukuma idan an fitar. Idan kai ne ka makara jirgi ya tafi ya bar ka, ka faɗa yadda abin yake, tikiti ɗaya ofis zai biya sai dai in shugabanka ya amince da na biyun a rubuce.

Bayan an biya ka, kada ka zubar da kwafinka. Masu binciken kuɗi sukan zo ne bayan an rufe shekara, wani lokaci bayan shekara biyu ko uku, kuma dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta wajabta wa kamfani adana bayanan lissafinsa har shekara 6. Mai sana'ar kansa da yake lissafa kuɗin tafiya cikin abin da ya kashe wa kasuwanci shi ma ya riƙe nasa tsawon wannan lokaci saboda jami'an haraji. Fayil ɗaya na kwali ga kowace shekara ya isa, a ajiye shi a durowa mai sanyi nesa da taga, hotunan kuma a tara su a wuri ɗaya cikin imel ko kwamfuta da sunan shekarar.